Shin Ko Kun San? Daga Kwanar Ɗangora Zuwa Dajin Falgore: Abin Da Ke Haifar Da Gosulo

Shin ko kun san cewa layi ɗaya na kwalta, komai santsinsa, motocin da yake iya wucewa da su a awa guda ba sa haura 1,800 da wani abin kirki? Lissafin a tafin hannu yake. Awa ɗaya sakan 3,600 ce, direba mai hankali kuma yakan bar tazarar sakan 2 tsakaninsa da na gabansa. Ke nan motoci 30 a kowane minti. Idan titi ya cika, wata bas ta tsaya a kan layin tana sauke fasinja na minti ɗaya tak, motoci 30 ne za su yi sahu a bayanta. Idan kwandasta ya tsaya neman canjin ɗari biyar, sai ku ninka.

Shin ko kun san cewa a yankin Kwanar Ɗangora ne masu zuwa Tudun Wada da Doguwa, da masu ratsa dajin Falgore su nufi Saminaka da Jos, suke rabuwa da babban titin Kano zuwa Zariya? A nan masu manufa biyu ke haɗuwa a kan kwalta ɗaya. Akwai wanda ya taso daga Kaduna, burinsa ya yi Magariba a Kano, ƙafarsa na kan totur. Akwai kuma wanda nan ce tasharsa. Ku tsaya a irin wannan kwana da La'asar ku sha kallo. Ƙaramar mota ta ci birki, rabin jikinta a kan titi, rabi a ƙasa. Ɗan kamasho ya riƙe ƙofa yana kiran gari. Masu tallar rake da dafaffen ƙwai da ruwan leda sun yi wa tagogi rumfa. Mai babur ya ɗauro buhu biyu yana neman inda zai tsallaka, tirela kuma ta danno tana ta hon tun daga nesa, don ta san birkinta ba zai kama nan kusa ba. Duk cikinsu babu mai mugun nufi, abinci kowa ke nema. Amma titi mai layi biyu ya koma mai layi ɗaya.

Ko kun san injiniyoyin hanya sun ƙirga wuraren da mota za ta iya cin karo da wata a kowace irin mararraba? Inda hanyoyi huɗu suka haɗu, wurare 32 ne. Inda hanya ɗaya ta shigo wa babban titi daga gefe, 9 ne. Shataletale mai ƙafa huɗu kuwa 8 kawai gare shi. Sai dai shataletale ba ya aiki sai an bi ƙa'ida guda: mai shigowa ya jira wanda ke ciki. A 1966 Ingila ta mayar da wannan ƙa'ida doka. Kafin nan shataletalensu ma kullewa yake yi tamau, kamar yadda namu ke yi duk ranar da 'yan Karota masu ba da hannu suka tashi da wuri.

Shin ko kun san gosulo na iya haɗuwa ba tare da haɗari ba, ba shingen jami'ai, ba rami? A wani gwaji da masana a Japan suka wallafa a 2008, sun jera motoci 22 a kan zagayen da tsawonsa mita 230 ne, suka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Ba a jima ba wani ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wannan ya ƙara, har wasu suka tsaya cik. Abin mamakin shi ne cunkoson da kansa tafiya yake yi, amma da baya, da gudun kusan kilomita 20 a awa. Shi ya sa za ka sha zaman jira, in ka iso gaba ka tarar da titi fayau, ka yi ta waige kana neman abin da ya faru. Wanda ya haddasa abin ya daɗe da shiga Kura.

Shin ko kun san ɓangaren Zariya zuwa Kano na titin Abuja zuwa Kano kilomita 137 ne, cikin jimillar kusan 375? A Disambar 2017 aka ba kamfanin Julius Berger aikin sake gina titin, a Mayun 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ɓangaren Kaduna zuwa Kano. Titi ya yi sumul, Alhamdu lillahi. To amma a da ramuka ne ke tilasta wa direba sassautawa, yanzu sai imaninsa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowane sakan. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa yake yi sau huɗu. Tsohuwar da ta ɗauko ƙullin kayan miya za ta tsallaka ba ta san wannan lissafi ba, kuma ba laifinta ba ne.

Ko kun san dokar hanya ta Nijeriya ba ta ba kowace mota gudu ɗaya ba? A kan tagwayen titi, motar gida 100, tasi da bas 90, tanka da tirela 60. Cikin gari kuwa ƙananan motoci 50 ne iyakarsu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da ke kula da wannan an kafa ta ne a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko.

Shin ko kun san obalodi ya fi yawan motoci kashe titi? Daga 1958 zuwa 1960 Amurka ta yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi, inda aka yi ta zagaya manyan motoci a kan kwalta ana auna lalacewarta. Abin da aka gano: idan nauyin da ke kan gatarin mota, wato sandar da ke riƙe da tayoyi, ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake wa titi takan ninka kusan sau 16. Ku tuna da wannan in kaka ta yi, lokacin da masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada ke fitowa, a ɗora wa mota buhuna daga Burumburum ko Yaryasa har ta riƙa tafiya a karkace, sannan mutum biyar su hau saman lodin. Mai kaya ya ga ya rage kuɗin mota. Badi kuma rami ya fito, kowace mota ta riƙa rage gudu tana kauce masa, ga gosulo ya samu gindin zama.

Shin ko kun san fegin ƙasar nan da ke gefen kwalta, wanda masu shago ke ɗauka fili ne da Allah ya ba su, yana cikin titin? An bar shi ne domin motar da ta lalace ta samu inda za ta raɓe. Idan teburin mai fetur a galan da tarin itace suka cinye shi, tirelar da ta mutu sai ta mutu a tsakiyar hanya. Yaron mota ya sa waigi, ya karyo ganye ya jera a kwalta, ya shige ƙarƙashi ya shimfiɗa tabarma. A hanya mai layi ɗaya zuwa ɗaya dawowa, irin wadda ta ratsa Falgore, wannan kaɗai ya isa ya sa kowa ya koma bin hannun da ba nasa ba, ga dare, ga daji. Ganyen ma in an gyara mota ba a kwashewa.

Ko kun san a Agustan 2010 an yi gosulon da ya kai tsawon kilomita 100 a kan hanyar da ke shiga Beijin ta ƙasar Sin, ya fi kwana 10 bai warware ba? Manyan motocin kwal ne da gyaran hanya suka haɗu.

Shin ko kun san masu buɗe sabon layi a cikin gosulo, da masu bin wan-we, ba sa ƙara wa kowa sauri? Bakin tulu ne ke yanke yawan ruwan da zai fita, ba cikinsa ba. Idan gaba layi ɗaya ne ya rage, ko an yi sahu biyar a baya, ɗaya bayan ɗaya za a wuce, sai dai a ƙara da gogar fenti da zage-zage. Mafi muni shi ne a tare hannun masu tahowa, su ma su tare naku, a yi cirko-cirko kamar zakaru.

Ko kun san sai ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama? Kuma danjar farko a duniya, wadda aka kafa a Landan a Disambar 1868, da iskar gas take aiki, ba ta yi wata biyu ba ta fashe ta jikkata ɗan sandan da ke kula da ita.

Shin ko kun san faɗaɗa titi ba ya kashe cunkoso har abada? Birnin Hustan na Amurka ya faɗaɗa wani titinsa har ya kai layi 26 a wasu wurare, aka gama a 2008, cikin 'yan shekaru zaman jira ya dawo, domin sabon fili sababbin motoci yake kira. Legas ta gwada wata dabarar a 1977: motoci masu lambar mara yau, masu lambar cika gobe. Masu hali suka sayi mota ta biyu. Singafo tun 1975, Landan kuma tun 2003, kuɗi suka sa wa mai son shiga tsakiyar gari da mota. Kano ta zaɓi gadoji, daga ta Ƙofar Nasarawa zuwa ta Dangi da ta Hotoro, kuma sun taimaka, ba a musu. Sai dai gada kan ɗauke cunkoso ne ta sauke shi a mararraba ta gaba.

Ko kun san a Yulin 2021 aka aza harsashin sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kusan kilomita 203, a Zawaciki? Duk buhun da ya hau tarago, kwalta ta huta da shi.

Mu a Kano ta Kudu matsalarmu ba ta kai ta gada mai hawa uku ba tukuna. Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ku samar da fili a bayan titi inda za a yi lodi da sauke fasinja, ku zauna da shugabannin direbobi da sarakunan kasuwa a ja rumfuna baya, a bar wa kwalta gefenta. Kai kuma direba, in za ka sayi rake, sauka daga kan titi gaba ɗaya.