Kafin Ka Cire Shaf ɗin Gaba, Ɗan Gareji

A Illela, garin da ke fuskantar Birnin Ƙonni ta Nijar, mun saba ganin Hilux tana keta rairayi zuwa ƙauyuka, tayoyi huɗu duk suna ja. Sai dai rairayin nan shi ke cinye ƙafar gaba. Da zarar robar da ke rufe gaɓar shaf ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga, sai ka ji ƙwas-ƙwas duk lokacin da aka sha kwana.

Sabon kaya na da tsada, don haka wasu direbobi kan ce wa bakanike ya cire abin da ya lalace kawai. Idan furofelar gaba aka cire, mota za ta tafi, amma tayoyin baya kaɗai ke ja. Ranar da ta kafe a yashi ko taɓon damina, sai turi.

Babban haɗarin yana ga shaf ɗin da ke shiga taya. A motoci da yawa, bakinsa da babban notinsa su ke matse boris. In aka zare shi gaba ɗaya, taya na iya fita ana cikin gudu, ga kuma man difaransha zai tsiyaye.

Don haka ku matasa masu koyon kanikanci, mu riƙa tambayar maigida me kowane ƙarfe ke riƙewa kafin mu ɗora sifana. Canza robar da wuri ya fi sauƙi, domin rigakafi ya fi magani.