Gawar Womey da Amanar Mai Rubuta Rahoto

A ranar 17 ga Agusta, 2010, wani jami'in Ma'aikatar Kuɗi ta Jamhuriyar Benin, Pierre Urbain Dangnivo, ya ɓace a Kwatano. Bayan kamar mako shida, ranar 27 ga Satumba, hukuma ta tono wata gawa a gidan wani boka a Womey, cikin yankin Abomey-Calavi, ta ce tasa ce. Dangi suka ƙi yarda, ma'aikata suka shiga yajin aiki, shi kuwa bokan da aka ce ya amsa laifi, da aka gurfanar da shi a 2015, sai ya janye maganarsa, ya ce sa shi aka yi. Har a 2025 kotu tana sauraron shaidu a kan wannan al'amari.

Abin da ke jawo irin wannan doguwar jayayya shi ne, matuƙar takardar binciken gawa da aka rubuta a ranar farko ba ta gamsar da kowane ɓangare ba, to, duk hukuncin da za a ɗora a kanta yana tare da shubuha. A Amurka lauyan wanda ake tuhuma yakan ɗauki nasa mai bincike; a Benin kuwa, kamar Nijar, inda aka gaji tsarin Faransa, alƙalin bincike ne ke tattara hujjar da ke kama mutum da wadda ke wanke shi, lauya kuma yana da ikon neman a sa wani gwani ya sake duba aikin na farko. Ko ta wace hanya aka bi, sharaɗin rahoto ɗaya ne: marubuci ya raba abin da ya gani da idonsa, da abin da aka faɗa masa, da abin da ya yi zato, kada ɗaya ya shiga rigar ɗaya.

Zai bayyana wanda ya fara ganin gawa, da sa'ar da ya gan ta, da halin da take ciki, domin sandarewar gaɓoɓi tana kimanta lokacin mutuwa, taruwar jini a gefen da aka kwanta a kai kuma tana tona asiri idan an ɗauke gawa daga inda rai ya fita. Idan ta daɗe a ƙasa mai laima irin ta bakin teku, waɗannan alamu sun gushe, sai a koma ga ƙashi da haƙora da gwajin ƙwayoyin halitta. A nan ma wajibi ne a rubuta sunan duk wanda samfurin gwajin ya bi ta hannunsa, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi mutum bayan mutum, don in aka rasa guda, hujja ta raunana. Iƙrari kuwa, irin wanda aka ce bokan ya yi, shi kaɗai ba ya wadatarwa, tun da jumhurun malaman fiƙihu ba su ɗora hukunci a kan furucin wanda aka tilasta.

Mu mutanen Zango, da muka saba gaggauta sutura bisa sunna, ya kamata mu sani cewa wanka da likkafani suna tafiya da alamun da ba su dawowa. Saboda haka idan mutuwa ta zo da tuhuma, jinkirin da zai ba likita damar dubawa da rubutawa kiyaye haƙƙin mamaci ne, kuma kariya ce ga rayayyen da za a iya ɗora wa jinin da bai zubar ba.