Class 313: Jirgin da Rami Ya Tsara Ƙirarsa

A watan Mayun 2023 aka sallami jiragen ƙasa samfurin Class 313 daga aikin ɗaukar fasinja a Birtaniya, bayan sun shekara kusan 47 suna kai ma'aikata wurin aiki da safe, su komo da su gida da yamma. A lokacin, in aka ɗauke na ƙarƙashin ƙasa, babu jirgin lantarkin da ya girme su a manyan layukan ƙasar.

Asalin ƙirarsu wata matsala ce ta taso a Landan. Tun 1904 akwai wani layi na ƙarƙashin ƙasa da ke shiga tashar Moorgate, tsakiyar unguwar bankuna. Daga baya hukumar jiragen ƙasa ta British Rail ta karɓi layin domin ta haɗa shi da layin da ke zuwa Welwyn Garden City da Hertford. A wannan layi na fili, jirgi yana shan wuta ne daga wayar da ke bisa kansa, mai ƙarfin bolt 25,000. Ramin kuwa bai da sararin da za a rataya irin wannan waya, sai dai a shimfiɗa dogo na uku a gefen biyun da ƙafafun jirgi ke bi, a sa masa wuta mai bolt 750.

To, maimakon a riƙa sauke fasinja suna canza jirgi, sai aka ƙera wanda zai ci tuwo biyu. A masana'antar York aka haɗa guda 64 tsakanin 1976 da 1977, kowanne da tarago uku. Taragon tsakiya shi ke ɗauke da taransifoma da hannun ƙarfen da ke miƙewa ya taɓa wayar sama. Injinan da ke juya ƙafafu suna ƙarƙashin taragon gaba da na baya, tare da wasu faifan ƙarfe masu gogar dogo na uku. A tashar Drayton Park, bakin ramin, ake sauya wuta: jirgi ya tsaya, direba ya sauke hannun ƙarfen, fasinja na zaune abinsu.

Ramin ne kuma ya sa aka yi wa goshin jirgin ƙofa. Da yake bango ya matse shi hagu da dama, in ya lalace a ciki, ta gaba ko ta baya kaɗai za a iya fitar da mutane. An yi gangar jikinsa da alminiyam don rage nauyi, ƙofofinsa kuma masu zamewa ne, saɓanin na da waɗanda fasinja ke buɗewa da hannu ya buga da ƙarfi. Gudunsa bai wuce kilomita 120 a awa ba.

Daga 2010 aka mai da wasu yankin Brighton a bakin teku, inda fasinjoji suka yi ta ƙorafin rashin banɗaki a cikinsu. A 2019 sabbin jiragen Class 717 na kamfanin Siemens suka gaje su a layin Moorgate, su ma da wuta iri biyu da ƙofar goshi.

Abin lura ga masu shimfiɗa layin dogo shi ne, a fara nazarin hanya kafin a sayo jirgi, sannan a tanadi kuɗin gyara.