Horon Fursuna Ma Yana da Ƙa'ida

Idan kotu ta tura mutumin Samaru Kataf gidan gyaran hali na Kafanchan, 'yancin zirga-zirgarsa kaɗai ta karɓe. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana azabtar da kowa, kuma wannan kariya tana bin sa har cikin ɗakin da aka kulle shi.

To, idan ya karya dokar gidan fa? A ce an kama shi da waya a ƙarƙashin tabarma, ko ya yi faɗa wajen rabon abinci. Dokokin Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun shimfiɗa hanya. A sanar da shi laifinsa cikin harshen da yake ji, ko da Tyap ko Jju ne, a ba shi lokaci ya kare kansa. Ba a hukunta shi sau biyu kan laifi ɗaya.

An haramta bulala, ɗaki mai duhu, rage abinci ko ruwan sha, da horon ɗaki guda saboda laifin mutum ɗaya. Keɓe fursuna shi kaɗai kada ya wuce kwana 15 a jere. Haka kuma ba a ɗora wa fursuna aikin horar da ɗan'uwansa, kuma a nan nake ganin ya kamata a fi sa ido, domin shugabannin ɗaki sukan ɗauki hukunci a hannunsu.

Wata dokar 2019 ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali. Iyalai, idan kun je ziyara, ku tambayi ɗan'uwanku yadda ake horar da shi.