Lodi mai tsawo: a auna mota kafin a kama hanya

Da zarar an fara tonon albasa a fadamar Tarka, sai manyan kamiyoyi su cika tashoshin Madawa, ana tula musu buhuna har su haura ƙarfen bodi. Daga nan wasu su nufi Ƙonni su shiga Najeriya ta Illela, wasu su bi hanyar ƙasa mai lamba 1 zuwa Dosso da Yamai, har Gana da Kodebuwa. Mai kaya yana lissafin buhu, ɗan kamasho yana lissafin ladarsa, amma da wuya a samu wanda zai tambayi metir nawa motar ta kai daga ƙasa zuwa buhun ƙarshe.

Alhali kuwa akwai doka a kai. A shekarar 2005 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta zartar da ƙa'ida mai lamba 14, wadda ta tsai da cewa kada tsawon mota da kayanta ya wuce metir 4, kada faɗinta ya wuce metir 2,55, sannan babbar tirela mai aksil shida kada nauyinta ya ɗara tan 51. Wanda aka kama a sikelin auna motoci zai biya tara, kuma ana iya tilasta masa sauke rarar kaya a bakin hanya, inda rana ke ruɓar da albasa cikin ƴan kwanaki.

A tsakanin Madawa da Buza da Keita direba ba ya tunanin gadar sama, shi ya sa yake sakin jiki. To amma hanyar tana da nata tarkon. A cikin garuruwa wayoyin wutar Nigelec suna ƙetare tituna, rassan bedi kuma suna sunkuyowa, ga shi kuwa al'ada ce a ɗora fasinja da karen mota a saman lodi. A wajen gari, ƙasar Adar ta duwatsu ce: hanya na gangarowa daga tudu zuwa kwari, ta ratsa ƙoramu bisa shimfiɗar siminti da ruwa ke bi ta kanta da damina. Motar da nauyinta ya taru a sama, kwana ɗaya ko rami ɗaya ya isa ya kifar da ita. Hanyoyin karkara da aikin raya ƙasar Keita ya buɗe tun daga 1984, da taimakon Italiya, an yi su ne domin a kai amfanin gona kasuwa, ƙarfinsu bai kai na babbar kwalta ba.

Gadojin sama kuwa suna jiran direba a gaba. Yamai ta samu gadar Mali Bero a 2013, Kano na da nata da dama, har da hanyoyin da ke ratsawa ta ƙarƙashin ƙasa. Alamar da za a duba faranti ne mai da'ira da jan baki, da lamba a tsakiya tsakanin ƴan kibau biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Masu yawon buɗe ido na Turai da Amurka, masu motocin nan da ke da ɗakin kwana a ciki, sukan rubuta tsawon motarsu su liƙa a gaban sitiyari, su kuma bi taswira gada bayan gada tun suna gida.

Masu sufurinmu ma za su iya yin haka da sanda mai metir 4. A auna bayan an ɗaure tamfol, gama shi ne tsawon gaskiya. A sake aunawa bayan an sauke kaya, domin in nauyi ya ragu bodi yana ɗagowa. Kada a dogara ga lambar da ke jikin gada ɗari bisa ɗari: in an ƙara wa titi sabuwar kwalta, ratar tana raguwa, don haka a bar sarari na aƙalla taƙi ɗaya. A tambayi direban da ya bi hanyar kwanan nan, musamman bayan ruwan sama.

Ɗan kasuwar da ya matsa a ƙara masa buhu ashirin don ya rage kuɗin mota, zai iya asarar ɗaruruwa a kwana guda, ya je neman ƙiba ya samo rama. Hakkin jandarmomi da ma'aikatan sufuri ne su hana irin wannan lodi tun daga tasha, tun ba a kai ga ɗaukar gawa a gangaren Buza ba.