Kalmomin ragi a Ingilishi: harafi biyu na iya cinye ribar ɗan kasuwa

Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Mutanen Badagishiri dai ba su jira doka ba kafin su fara cin karo da Ingilishi. Hanyar da ta taso daga Tawa ta ratsa garin, ta sauka Tsarnawa ta kai Ƙonni, daga nan kuwa Ilelar Najeriya ƴan kilomita ne. Albasar yankin Galmi da dabbobin Adar suna kaiwa Legas da Akara, kuma wani sashe na cinikin yanzu a saƙon WhatsApp ake ƙulla shi, da mai saye da ba ya jin Hausa.

A irin wannan ciniki babu kalmomin da suka fi yawo kamar na ragi. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, don shi ma yana da rage, gajarta, taƙaita, datse, zaftare da tauye, kuma ba ya sa ɗaya a gurbin ɗaya. Haka Ingilishi yake, sai dai tarkonsa yana wani wuri dabam.

Uwar kalmomin ita ce “reduce”, wato rage. Tana shiga farashi, yawan kaya, gudun mota, har da adadin magani. Haɗarin yana cikin ƴar kalmar da ke bin ta. A ce ɗan kasuwa ya shirya wa mai saye buhu 100 na albasa, sai saƙo ya zo cewa “reduce by 30 bags”. Ma'anarsa a cire buhu 30, a aika 70. In kuwa saƙon ya ce “reduce to 30 bags”, to buhu 30 kawai ake so, sauran 70 sun dawo wuyan mai su. Tsakanin “by” da “to” akwai buhu 40, da kuɗin mota, da albasar da ba ta jiran kowa. Wanda ya yi lakwal yana da makullin abin a aljihunsa ko bai sani ba: “by” shi ne “de” na “réduire de”, “to” kuma shi ne “à” na “réduire à”.

Misali na kusa shi ne ragin kuɗin man fetur da gwamnatin Nijar ta yi a watan Yulin 2024, lokacin da lita ta sauko daga sefa 540 zuwa 499. A Ingilishi za a ce an rage “by 41”, ko kuma an rage “to 499”. Duka biyun daidai ne, muddin ba a musanya alƙaluman ba.

Kamar da ke tsakanin “reduce” da “réduire” ba dace ba ne. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandiya ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a fiye da ƙarni biyu, kuma dubban kalmomi suka shiga Ingilishi, wasu ta Faransanci, wasu kai tsaye daga Latin. Shi ya sa ɗan kwaleji zai gane “diminish” daga “diminuer”, “deduct” daga “déduire”, “abridge” daga “abréger”. Waɗannan su ne kalmomin takarda da ofis. “Deduct” ta fi cancantar a kula da ita, domin ita ce ake gani a saƙon banki ko takardar albashi: an cire wani abu daga jimla kafin kuɗin su iso hannu. Ko kalmar tela da kowa ke faɗa ta biyo wannan hanya, daga “tailor” na Ingilishi, wanda asalinsa “tailler” ne, wato yanka.

Kalmomin kasuwa da na titi kuwa gajeru ne, kuma Faransanci ba ya taimako a kansu. “Cut” yanka ne, amma a jarida “price cut” ragin farashi ne. “Slash” ita ce zaftarewa, ragi mai yawa a lokaci guda. Masu rubuta kanun labarai a Najeriya suna son ta ƙwarai, ko da ragin bai kai ya kawo ba. “Discount” rangwame ne. Idan aka rubuta “20% off” a kan kayan jika 10, mai saye zai biya jika 8, ba jika 2 ba.

Ragewa dabam, cirewa dabam. Ran 29 ga Mayu 2023, da shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a Najeriya, kalmar da ta cika jaridu ita ce “removal”, cirewa ɗungurungum. Masu sayar da mai a kwalabe bakin hanyar Ƙonni sun ji bambancin a jikinsu kafin kowa ya fassara musu.

Dattawa kuma ba su manta da “devaluation” ba, karya darajar kuɗi. A watan Janairun 1994 an rage darajar sefa da kashi 50 cikin 100, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. An rage rabi, amma kuɗin kayan waje ya kama hanyar ninkawa. Lissafin ɗaya ne a kasuwa: kayan da aka zaftare wa rabin farashi, in aka ƙara musu kashi 50 cikin 100 daga baya, ba su koma inda suke ba, kashi 75 suka kai.

Sai kalmomin tsawo. “Shorten” gajartawa ce, ta wando ko ta jawabi. “Short” kanta tana da fuska biyu: gajere, da kuma abin da bai cika ba. Mai saye da ya rubuto “two bags short” yana cewa buhu biyu sun yi ƙafa a hanya, kuma zai cire kuɗinsu. “Shortly” kuwa ba ta da alaƙa da ragi, nan ba da jimawa ba take nufi, alkawarin da duk mai bin bashi ya san nauyinsa.

“Trim” datse baki-baki ne don gyara, kamar yadda mai aski ke yi wa gemu. Wanda ya zauna kujerar aski a Legas ya ce “shave” alhali “trim” yake so, zai tashi da haɓa fes. A gona ma haka ne. Manoman da ke sassabin zamani, suna barin tohon itace suna rage masa rassa, abin da suke yi shi ne “prune” ko “cut back”. “Cut down” kuwa sare itacen ne daga tushe, aikin da ke haɗa mutum da ma'aikatan gandun daji. In aka ƙara mata “on” sai ta bar gona ta koma asibiti: likitan da ya ce “cut down on salt” yana nufin a rage cin gishiri, bai ce a daina ba.