Alƙalawa: Gonar Alƙali da ta Zama Birni

Wanda ya bi Gulbin Gagare daga Ƙaura Namoda, ko Gulbin Bunsuru daga Zurmi, ya yi arewa, zai tarar gulaben biyu sun haɗu a yankin Shinkafi da Isa, sun zama Gulbin Rima. In ya ci gaba da bin ruwan har ƙasar Sabon Birni, zai iske wani kufai a bakin fadama, shi ne Alƙalawa. Iyakar da aka shata a 1996 ta bar shi cikin Jihar Sakkwato, amma a farkon ƙarni na 18 wannan kwari duka ƙasar Sarkin Zamfara ce.

Sunan garin shi ne shaida ta farko a kan asalinsa. Ɗafa-ƙeyar "-awa" takan nuna jama'ar wani wuri ko mabiyan wani mutum, kamar a Gobirawa da Alibawa, sa'an nan sau da yawa sunan mutanen yakan koma sunan mazauninsu, alal misali Tamburawa a ƙasar Kano. Saboda haka Alƙalawa na nufin mutanen alƙali. Tarihin baka ya yi daidai da abin da nahawu ya nuna, domin an ce wurin gonar Alƙalin Zamfara ce, inda shi da mutanensa suke noma a gefen gulbi. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Ƙasar da ke da alƙali mai gandu da mabiya, lalle karatu ya daɗe da kafuwa a cikinta, tun kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754.

A wasu ƙasashe irin wannan tarihi a jikin gini ake karanta shi. A birnin Kiyef na Yukiren, a kan gaɓar kogin Dinifa, akwai gidan sufayen Kirista da aka fara a cikin kogo a 1051, kuma an sha rushe sassansa ana sāke ginawa a wuri guda. A ƙasar Hausa kuwa ilmi a jikin malami yake, zauren laka ya ishe shi. Ranar da ya naɗe buzunsa, almajirai suka ɗauki gafakar littattafai, makaranta ta tashi ke nan. Shi ya sa mai neman tsofaffin cibiyoyin karatu a nan dole ya kasa kunne ga sunayen garuruwa.

Gobirawa sun gangaro ne daga arewa, suka roƙi wurin zama, aka sauke su a wannan gona. Baƙi suka yi ta ƙaruwa har suka fi ƙarfin mai masauki. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, wanda ke kusa da Isa ta yanzu, Sarkin Zamfara ya gudu Kiyawa. Aka kewaye gonar alƙali da ganuwa, ta zama babban birnin Gobir. Dalilin zaɓen wurin ba boyayye ba ne: ga fadama mai ba da abinci rani da damina, ga kiwo, ga ruwa da ke tare mahara idan gulbi ya kawo.

Abin lura shi ne, birnin da ya ci sunan malamai shi ne kuma ya zama abokin jayayyarsu. Fadar Alƙalawa ta haɗa malaman fada da Inna, shugabar bori, a inuwa ɗaya, abin da Shehu da jama'arsa suke kira haɗa Musulunci da al'adun gargajiya. Shehu bai zauna a birnin ba, ya zaɓi ƙauyen Ɗagel, ya kuma yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a Zamfara, tsakanin mutanen da ba su manta da abin da Gobir ta yi musu ba. Da Sarki Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami da Babbar Salla, wajen 1788, ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓa. Maimakon dukiya ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

Zaman lafiyar bai wuce zamanin Yunfa ba. Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, jama'a suka zo har kusa da ganuwar Alƙalawa, aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar. An ruwaito cewa mutum wajen 2,000 suka yi shahada, 200 daga cikinsu mahaddatan Alƙur'ani ne. A ƙasar da littafi yake a ƙirjin mutum, wannan daidai yake da ƙone ɗakin karatu.

A nan ne mutanen Zurmi suka shigo. Fulani Alibawa, ƙarƙashin Namoda, su suka tsare gabashin Zamfara, suka karya Gobirawa da Azbinawa kusa da Zurmi a 1806. A watan Oktoba na 1808 Muhammadu Bello ya tara runduna, da Aliyu Jeɗo, da Namoda, da Ummarun Dallaje na Katsina, suka ci birnin, aka kashe Yunfa. Duka-duka Alƙalawa ba ta cika shekara 50 tana babban birni ba.

Gobirawa suka watsu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wasunsu suka dawo bakin Rima suka gina Sabon Birni, ba nisa da tsohon kufansu. Namoda kuwa bai daɗe ba bayan nasarar. Ya rasu a wajen yaƙin Kiyawa, garin nan da Sarkin Zamfara ya fake a cikinsa lokacin da Babari ya kore shi.